Namadi Mai Ƙara da Kwalbar Ruwan Fakku

A Tambuwal, in tsofaffi suka ce "Mai Ƙara", mutum guda suke nufi, wato Namadi ɗan Na'iya, haifaffen Fakku ta ƙasar Kebbe. Dogo ne, baƙi wuluk, mai wushirya, ga murya wadda in ya yi sallama a ƙofar wani gida sai maƙwabta su amsa. Dariyarsa ma haka take.

Ubansa Na'iya manomi ne, ba shi da komai bayan gero da dawa da 'yan awaki. Shekarar da aka aiko daga wajen hakimi a ba da yaran da za a sa makarantar boko, gidaje da yawa a rumbu suka ɓoye 'ya'yansu. Na'iya kuwa da kansa ya kamo hannun Namadi ya kai shi gaban mai gari.

"Ga shi nan," in ji shi. "Wanga yaro in munka tafi gona kunya guda shika yi, sauran yini duk tambaya ta. Ku kai shi inda aka son tambaya, ni na gaji."

Haka Namadi ya yi elementare a Tambuwal, ya wuce Midil a Sakkwato. Da ya fito sai ya shiga aikin ɗan doka na En'e. Ya yi tsaron kasuwa, ya yi rakiyar fursuna, har ya sami igiya uku a hannun riga, aka maido shi Tambuwal aka ɗora shi a kotun alƙali. Aikinsa ya kawo wanda ake tuhuma, ya tsaya ya faɗi laifin da ake zarginsa da shi, ya kira shaidu. Daga nan sunan Mai Ƙara ya bi shi. A nan kuma ya auri Ni'imatu, ɗiyar wani maɗinki, mace gajera mai kaifin baki, wadda ita kaɗai ce a garin take iya sa shi yin shiru.

Alƙalin lokacin, Malam Abdulhamidu, tsoho ne mai sanyin magana. A farkon zuwan Namadi, wata rana ya cika zaure da bayani a kan wani da ake zargi da fasa rumbu, har gumi ya jiƙe masa kaki. Alƙali ya bari sai da ya kai aya, sannan ya ce, "Sajan, na ji murya. To ina hujja? Kawo mini abin da ido ka gani."

Namadi ya riƙe wannan magana, har ya so ya wuce gona da iri. In an fasa ƙofa, da ƙyauren yake zuwa a ka. In rigima ta tashi a kan akuya, akuyar yake jawowa cikin zaure. Akwai ranar da wata akuyar shaida ta cinye gefen rawanin muhuti, mai rubuta shari'a, kafin kowa ya farga, alƙali ya rufe baki da hannun riga ya ɗage zama. Ranar kasuwa mutanen da ba su da ƙara ma sukan zo su tsugunna a bakin kotu, don su ga abin da Mai Ƙara zai shigo da shi.

Shari'ar da ta juya rayuwarsa ta zo ne a wata damina, ana saura kaɗan a sami mulkin kai. Wani attajirin Kebbe mai suna Ɗangiwa ya nemi bijiminsa ya rasa, bayan kwanaki aka gan shi a cikin garken wani Bafillace, Bube. Aka kamo Bube aka kawo Tambuwal. Shi kuwa ya rantse cewa bijimin ne ya biyo wata saniyarsa daga mashaya, kuma a ranar ya je ya sanar da Ɗanmaliki, mai unguwar wani ƙauye kusa da Fakku, don a yi cigiya. Aka aika wa Ɗanmaliki sammaci bai zo ba. Aka sake aikawa, shiru. Kowa ya ce ƙarya Bube yake yi, ƙarar Namadi ta tsaya da ƙafafunta, abin da ya rage ya buɗe baki a yanke hukunci.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya roƙi alƙali a ɗaga shari'ar, ya hau kekensa ya nufi Kebbe. Hanya ta lalace, wani wuri keke ya ɗauke shi, wani wuri shi ya ɗauki keke. A bakin gulbi aka tsallakar da su a kwalekwale.

Da ya isa ƙauyen sai ya tarar da Ɗanmaliki kwance a zaure, ƙafa ta kumbura, an naɗe kan kurkunu a tsinke. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kusan kowane gida akwai mai jan gindi ko mai dogara sanda, ga damina ta yi kyau, ga ciyawa tana cinye gero a gonaki, babu mai nome ta. Namadi ya san kurkunu, shi ma ya taɓa yi yana yaro, amma shekarun da ya yi yana shan ruwan rijiya a gari sun mantar da shi.

"Baba, sammaci biyu anka aiko maka," in ji Namadi.

"Sun iso, ɗana," in ji tsohon. "Ni na amsa, ƙafa ta ƙiya. Bube gaskiya yaf faɗi. Nan yaz zo yat tsugunna inda kake, yac ce ga baƙon sa ya shigo mishi garke."

Namadi ya nemi jaki aka yi wa tsohon shimfiɗa mai taushi, ya riƙa jan akala da hannu ɗaya, keke a ɗayan, har suka fita babbar hanya suka sami mota. Ranar da aka koma kotu, zaure ya cika. Namadi ya miƙe ya ce, "Allah shi gafarta Malam, yau shaidata ni za ta kayar. Wanga mutum bai saci komai ba." Aka shigo da Ɗanmaliki a kan tabarma ya faɗi abin da ya sani, alƙali ya sallami Bube, ya ce a mayar wa Ɗangiwa bijiminsa.

Bube ya kai bakin ƙofa sai ya juyo. "Allah shi gafarta Malam, saura magana guda. Saniyar nan da alama ta ɗauki ciki. In ta haihu, ɗan na wa na?"

"Na mai saniya na," in ji alƙali. "Bijimi shi yak kai kanshi."

Zaure ya kece da dariya. Ɗangiwa, wanda ya shigo fuska a murtuke, ya fi kowa dariya, ya kama hannun Bube ya nemi gafara a gaban jama'a. Labarin mai ƙarar da ya kayar da kansa ya zaga kasuwanni daga Tambuwal har Kebbe.

Ba da daɗewa ba aka tura Namadi Zariya kwas, don ya koyi sababbin dokokin laifuffuka da Jihar Arewa za ta fara aiki da su. Ya dawo ana shirin bikin 'yancin kai. Ranar bikin shi ya ja faretin 'yan doka a filin makaranta, aka ɗaga tuta mai kore da fari, 'yan makaranta suka yi waƙa, aka raba musu shinkafa da nama, makaɗa suka yini suna kiɗa. An ce umarnin da Namadi ya bayar a faretin nan har a bakin kasuwa jakuna sun ɗaga kunne.

Bayan biki da 'yan makonni, wata hantsi, sai ga baƙi daga Kebbe a zaurensa. Ɗangiwa ne a gaba, Bube na biye da shi, da waɗansu dattawa. Suka ce zaɓen majalisar Kaduna ya matso, kuma shi suke so ya tsaya.

"Ni?" in ji Namadi. "Ni da na ɗaure rabin ƙasar ga? Wa za shi zaɓe ni?"

"Waɗanda ba ka ɗaure ba," in ji Ɗangiwa. "Mun ga ka yi tafiya a cikin taɓo don mutum guda. Muna son ka yi ta don mu duka."

Ya shiga gida ya gaya wa Ni'imatu tana tankaɗe. A lokacin maza kaɗai ke jefa ƙuri'a a Arewa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ka gode wa Allah mata ba su zaɓe, da sai ka fara yi mini lacca a ɗakin ga. Tafi ka tsaya. Amma in ka je can ka manta da mutanen da sunka aike ka, kada ka biyo ta nan."

Ya ajiye kaki ya sa babbar riga. Abokin takararsa Ɗan'iya ne, wani fatake mai cinikin goro a Tambuwal, abokinsa tun suna elementare. Sukan yi lacca da rana kowa ya ƙaryata ɗan'uwansa, da la'asar su haɗu a masallaci sahu ɗaya. Abin da Namadi ke tsoro ya same shi a kasuwar Kebbe. Yana cikin jawabi a kan tebur sai wani ƙato ya kutso cikin taro. Almu ne, mahaucin da Namadi ya taɓa gabatarwa a kan faɗa, har ya yi zaman gidan yari. Jama'a suka dare.

"Kun gane ni?" in ji Almu. "Wanga mutum shi yas sa anka ɗaure ni. Na yi rantsuwa, na kawo dabara iri-iri, bai bar mini ko ƙofa guda ba. To ni shi nika zaɓe. Mutumin da yak kama ni haka, ku bar shi shi je shi kama mana na Kaduna!"

Kasuwa ta ɗauki sowa. Ranar zaɓe maza suka yi layi, kowa ya shiga bayan zana ya jefa takardarsa a akwatin da yake so. Da aka faɗi sakamako Namadi ne ya ci. Wanda ya fara isowa gidansa Ɗan'iya ne, da huhun goro a kan ɗan dako.

"Ga shi ka raba wa masu barka," in ji shi. "Na san ba ka da ko ƙwara guda, duk ni nika sai da maka."

Tafiyar Kaduna, mota ce ta kai shi Gusau, daga can ya shiga jirgin ƙasa. Zauren majalisa ya ba shi tsoro, abin da bai taɓa zato ba. Ga kujeru masu laushi, ga fankoki suna juyawa a sama, ga mutane daga Borno da Ilori da Binuwai, waɗansu na zuba Turanci kamar da shi aka yi musu yaye. Mutumin da ya saba cika zaure da murya sai ya zauna can baya ya yi gum. Aka yi zaman farko aka tashi bai ce uffan ba. Na biyu ma haka, in ban da "na yarda" da ya faɗa tare da jama'a.

Da ya zo gida hutu, Ni'imatu ta ajiye masa tuwo ta zauna gefe.

"Kullum muna gaban rediyon maƙwabta," in ji ta. "Mun ji na Katsina, mun ji na Bauchi. Mata sun fara tambayata ko bebe munka aika."

"Ba ki san wurin ba, Ni'imatu. Masu ilimi na cike da shi. In na tashi mi zan ce?"

"A gaban alƙali mi kaka cewa?"

"Can ai da shaida nika shiga."

A hutun nan suka je Fakku gaida dangi. Da safe Ni'imatu ta bi mata zuwa tafkin da garin ke sha, inda shanu ke shiga ta gefe ɗaya, masu kurkunu na tsoma ƙafa ta ɗayan don su ji sanyi. Ta cika wata farar kwalba da ruwan, ta toshe bakin da totuwa, ta kawo ta dire a gabansa.

"Ga shaidarka," in ji ta.

A zaman da aka yi na kasafin shekara, da aka zo kan maganar ruwan sha a karkara, Namadi ya miƙe. Da ya buɗe baki muryar nan ta fito, har tafintan majalisa ya zabura. Da Hausa ya yi magana. Ya faɗi sunan ƙauyukan ƙasarsu, ya faɗi yadda kurkunu ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin da gona ke nemansu, yadda gida kan yi shuka ya kasa noma. Sannan ya sa hannu a aljihun riga ya zaro kwalbar, ya ɗaga ta sama. Ruwan ya yi launin kunun kanwa.

"Yanzu zan kira shaidata ta farko," in ji shi.

Dariya ta ɓarke. Daga kujerar shugabanci aka tuna masa cewa nan majalisa ce, ba kotu ba.

"Ranka shi daɗe, na janye kalmar," in ji Namadi. "Amma kwalba ba ta janyuwa. Wanga ruwa shi mutanen da sunka aiko ni ka sha. In akwai mai daraja guda a zauren ga da za shi iya kurɓa ɗaya, na zauna, ban ƙara magana."

Babu wanda ya kurɓa. Kwalba ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya ɗaga ta wajen haske ya girgiza kai. Wani wakili daga Binuwai ya tashi ya ce nasu ruwan haka yake, sai dai ya fi wannan ja. Wani daga gabas ya ce su ko irin wannan ɗin da rani nema suke yi. Maganar da aka so a wuce da ita a gurguje sai ta ci sauran yinin. Da aka tashi, mutanen da ba su taɓa sanin sunansa ba suka riƙa zuwa suna ba shi hannu.

Rijiya ba ta zo washegari ba. Dama akwai shirin haƙa rijiyoyin siminti a karkara, abin da Namadi ya yi shi ne ya hana a manta da ƙasarsu. Ya zama ɗan gida a ofishin masu aikin ruwa, har masinja kan hango shi ya ɗauko masa kujera tun bai yi sallama ba. Sai da rani ya zagayo aka turo injiniya da mahaƙa. Rijiyar farko da aka fara a wani ƙauye ta ci karo da dutse aka bar ta, abin ya dame shi ƙwarai. Amma ta Fakku ta ba da ruwa.

Ranar da aka buɗe ta garin ya cika. An gina mata baki mai tsawo yadda ba mai tsoma ƙafa, an sa ƙarfe da gargare na jan guga. Aka ce wa zai fara sha? Namadi ya ce a ba Ɗanmaliki, wanda ya tako da ƙafarsa daga ƙauyensu. Tsohon ya karɓi ƙwarya, ya duba har ya ga gindinta, ya sha.

"Yaya, Baba?" in ji Namadi.

"Ba shi da ɗanɗano ko kaɗan," in ji tsohon. "Ashe haka ruwa yake?"

Mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya tashi. Bube ya kawo ƙwaryar nono, Almu ya yanka rago ya ƙi karɓar ko tukuici. Ni'imatu tana cikin mata tana raba fura, duk wadda ta yi mata barka sai ta ce a yi wa tafki, shi ya je Kaduna ya yi magana. Kafin wa'adinsa ya yi nisa an sami waɗansu rijiyoyin a ƙasar Kebbe da kewayen Tambuwal. Ba kowane ƙauye ya samu ba, kurkunu ma bai ƙare ba a zamaninsa, amma inda rijiya ta shiga, damina ta riƙa samun mutane a tsaye.

Daga ranar kwalba bakinsa ya buɗe a majalisa. Aka sa shi a kwamitin da ke duba dokokin kotuna, inda ya dage a riƙa yi wa shaidun karkara uzuri in ruwa ya yanke hanya. Wani lokaci a saurare shi, wani lokaci a kayar da shi, ya fito yana dariya ya ce ya saba.

A farkon shekarar 1966 sojoji suka karɓi mulki, aka rufe majalisa. Ƙasa ta shiga juyayi, har da Namadi. Ya tattara kayansa ya zuba a wata ƙaramar baƙar mota da ya saya a Kaduna, ya kamo hanyar gida. Ya zaci zai shigo a ɓoye, sai ya tarar labari ya riga shi, mutane sun fito bakin gari suna jiransa. Aka raka motar a ƙafa har ƙofar gida.

Bai koma aikin gwamnati ba. Motar nan ta zama ta gari, ita ke kai amare, ita ke kai mara lafiya asibiti. Wata rana Ɗan'iya ya ce tun da an hana su siyasa su duka biyu, sai Namadi ya koya masa tuƙi. Suka fita bayan gari da hantsi, Ɗan'iya ya naɗe hannun riga ya kama sitiyari.

"Taka na tsakiya in kana son tsayawa," in ji Namadi.

"Na ji."

Mota ta yi tsalle ta miƙe. Ta bar hanya, ta ratsa ta cikin kara, kaji na tashi ta ko'ina.

"Na tsakiya, Ɗan'iya! Na tsakiya!"

"Shi nika nema!"

Sai da ta tura hanci cikin wani tarin ƙaiƙayi a masussuka sannan ta mutu. Matan da ke sussuka suka watsar da taɓare suka gudu, suka dawo suka tarar da manyan mutane biyu sun fito fari fat, ƙaiƙayi har cikin gemu, kowa na nuna ɗan'uwansa, dariya ta hana su magana. Da jakuna biyu aka jawo motar zuwa gida. Ɗan'iya ya rantse ba zai ƙara taɓa sitiyari ba, kuma ya cika alkawari. Shekarun da suka rage musu, duk inda za su, shi ke zama a gefe da goronsa yana ba da umarni, Namadi na tuƙi.